Awa 1,000 a akwatin gishiri, damina ɗaya a jikin ƙofa

Na daɗe ina sana'ar walda a Kano, amma ban taɓa jin kunya irin ta bana ba, ranar da wani dattijo ya kira ni ya nuna mini ƙofar da na ƙera masa bara, fenti ya kumbura yana ɓarewa, tsatsa kuma ta cinye gindinta. Allah ya sani ban yi ha'inci ba. Na goge ƙarfen tas, na yi shafi biyu, kuma fenti mai tsada na saya, domin dillalin ya nuna mini takarda cewa ya jure awa 1,000 a gwajin feshin ruwan gishiri.

Ɓacin rai ya sa na bi diddigin gwajin nan. Sunansa ASTM B117, tun 1939 ake aiki da shi, kuma abin da ake yi shi ne a rufe ƙarfe cikin akwati, a riƙa fesa masa hazon ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100, a zafin digiri 35, dare da rana babu tsayawa. To, a wace ƙasa ƙarfe yake zama haka? Babu rana a cikin akwatin, alhali ranar bazara ce take gasa fenti har ya tsattsage ruwa ya samu hanya. Babu jiƙewa da bushewa irin na damina, balle ƙurar hunturu. Hatta ƙarfe mai rufin tutiya, wanda yake shekaru a waje lafiya, yakan yi saurin lalacewa a can, saboda ba ya samun bushewar da zai yi fatar da take kare shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, takardar ƙa'idar gwajin da kanta ta faɗi cewa sakamakonsa shi kaɗai ba kasafai yake dacewa da abin da ke faruwa a waje ba. Amfaninsa dai masana'anta ta gane ko fentin da ta haɗa yau ya yi daidai da na jiya. Akwai gwajin da yake haɗa feshi da bushewa da haske mai ƙona fenti, kamar ASTM D5894, amma ba shi aka nuna mini ba.

Da kuɗina na kankare ƙofar na sake mata fenti. Da na koma wurin dillalin kuwa, ko haƙuri bai ba ni ba, sai ya sake miƙo mini takardar nan.