Gidajen Arkwright a Cromford: kada a raba su da layin ma'aikata

Duk wanda ke son fahimtar yadda arzikin auduga ya sauya masu masana'antu a Ingila, ya dubi gidaje biyu na Richard Arkwright a Cromford, ƙaramin gari a yankin Derbyshire, inda ya kafa masana'antar kaɗin zare mai aiki da ƙarfin ruwa a 1771. Mutumin da ya fara neman abinci da aski a Bolton ya soma zama ne a Rock House, gidan da ke bisa dutse daura da masana'antar, ta yadda shigar ma'aikata da fitarsu ba sa ɓuya ga idon maigida, kuma ƙarar injinan da ke juyawa dare da rana tana isa har ɗakinsa.

Da dukiya ta bunƙasa, aka kuma ba shi lambar girmamawa ta Sir a 1786, sai ya sa a gina masa Willersley Castle a ƙetaren kogin Derwent, katafaren gida mai hasumiyoyi irin na masu sarautar gado, a tsakiyar fili da itatuwa. Gobara ta lalata cikinsa a 1791, shi kuma ya rasu a 1792 bai tare ba. Ɗansa ne ya shiga a 1796. A ganina, wannan tsallake kogi shi ne ainihin labarin, domin yana nuna lokacin da mai masana'anta ya ga cewa darajarsa ta wuce ya kwana kusa da aikin da ke ciyar da shi.

Gidan ya fita daga hannun zuriyarsa a 1927, ya zama masaukin hutu na mabiya cocin Methodist, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka mai da shi asibitin haihuwa.

Akwai masu cewa adana irin waɗannan gidaje ɗaukaka azzalumai ne, kuma maganarsu tana da tushe, tun da yara ƙanana, wasu 'yan shekara bakwai, sun yi aiki na tsawon sa'o'i a Cromford, audugar kuma da yawanta bayi ne suka noma ta a gonakin nahiyar Amurka. Amma rushe gidan ko barinsa ya lalace ba zai biya kowa haƙƙinsa ba, sai dai ya shafe shaida. Abin da ke damuna shi ne a nuna wa baƙo matakala da lambu kawai, ya koma gida yana yaba gwanintar magini, bai taka North Street ba, layin da Arkwright ya gina wa ma'aikata a 1776, gidaje masu hawa uku da dogayen tagogi a sama, inda iyaye maza ke saƙa yayin da matansu da 'ya'yansu ke can wajen inji.

Tun da UNESCO ta sanya masana'antun kwarin Derwent cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, nauyi ya hau kan masu kula da wurin su riƙa haɗa gine-ginen nan uku a zagaye ɗaya: a fara da North Street, a bi ta ƙofar masana'anta a ɗaga kai a ga Rock House, sannan a haye gada zuwa Willersley, a faɗa wa baƙo albashin yaro na mako da abin da aka kashe wajen ginin.