Wai kundin tsarin mulki kayan Nasara ne?

Daren jiya bayan isha'i muna zaune a teburin mai shayi nan Agege, hira ta gangaro kan gyaran kundin tsarin mulki da ake ta yi mana a rediyo. Wani dattijo, Alhajin da ke sayar da goro a layinmu, ya ajiye kofinsa ya ce mini: "Ɗana, daina wahalar da kanka. Takardar nan Nasara suka bar mana, ba ta san salla ba, ba ta san azumi ba." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, amma nan kam ban bi ka ba." Na yi shiru daga nan, don ba a ja-in-ja da babba a gaban yara. Abin da na haɗiye jiya shi zan amayar yau.

Alhaji yana da gaskiyarsa. A garin nan aka haifi takardar. A 1861 Oba Dosunmu ya sa hannu Legas ta koma hannun Ingila. A 1922 Gwamna Clifford ya kawo tsarin da aka fara zaɓe a ƙarƙashinsa: kujeru huɗu kacal, uku na Legas, ɗaya ta Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara zai jefa ƙuri'a. Mu 'yan Arewa ko a lissafi ba mu, gwamna ke yanka mana doka shi kaɗai. Sai na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, na Lyttelton a 1954, duka da sunan Bature. Na 1999 da muke kai kuwa soja suka miƙo mana shi, duk da ya buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya muka tsara.

To amma takarda daban, abin da ke cikinta daban. Jigon tsarin mulki magana ɗaya ce: mai mulki ma akwai dokar da ke samansa. Wannan kam Bature bai koya mana ba. Hasali ma gwamnan mulkin mallaka shi ne wuƙa shi ne nama.

Shekara ɗari huɗu kafin Lugga ya tako ƙasar nan, Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan sarki: ya tsare baitulmali, ya yi adalci, ya zauna ya ji kukan talaka da kunnensa. Ya yi ta nanata masa cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya daga talakawansa. Ku karanta wannan, sannan ku tuna gwamnonin da ba a ganinsu sai ta baƙin gilashi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa laifuffukan sarakunan zamaninsa, har da harajin da shari'a ba ta sani ba, da gaisuwar da ake kai wa masu hukunci, da hawa mulki ba shawara. Ƙanensa Abdullahin Gwandu ya zauna a Kano ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, littafi sukutum kan yadda ake riƙe jama'a. In wannan ba tsarin mulki ba ne, a gaya mini sunansa.

Masu masaukinmu Yarbawa ma ba a bar su a baya ba. A tsohuwar Oyo, majalisar Oyo Mesi na iya juya wa Alafin, sarkinsu, baya, in kuwa ta yi, kwanansa ya ƙare. Su kansu Turawan, Magna Carta ɗin da suke tinƙaho da ita ta 1215, takardar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, da hannun babban limamin cocin Kantabari a ƙulla ta. Kowa dai daga wurin ibadarsa ya fara jin cewa sarki ba Allah ba ne.

Batun ba ta san salla ba kuma, Baba ya manta 1978. A nan Legas majalisar tsara kundi ta yi zafi kan kotun ɗaukaka ƙarar shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren. Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma ba su dawo hannu rabbana ba. Yau sashe na 275 ya ba duk jihar da ke so damar kafa kotun ɗaukaka ƙarar shari'a, sashe na 38 ya tsare maka addininka, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Ciniki aka yi, iyayenmu na wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu mazauna nan muka fi kowa buƙatar takardar da muke rainawa. Na Kano ko Sakkwato zai iya ɗaga mata kafaɗa. Mu na Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago fa? Watannin baya waɗansu suka tare ɗan yayana da buhun albasa, tambayar farko ita ce me ya kawo shi Legas. Yaron ya yi ta ba da haƙuri kamar ɓarawo. Bai san sashe na 41 ya ba shi ikon zama ko'ina a ƙasar nan ba, na 42 ya hana a ware shi don ƙabila ko addini, na 43 ya ce ko fili yake so ya saya.

Na san za ku ce ai ba a bin ta. Haka ne. Amma wanda ya take ta, da Alƙur'ani ko Baibul a hannunsa ya rantse zai kiyaye ta, muna kallo a talabijin. Cin amana ya yi, kuma malamanmu sun san hukuncin wannan tun kafin a gina Legas.

Da safen nan na bi ta rumfar Alhaji. Ya miƙo mini goro biyu ya ce in dawo bayan la'asar mu ƙarasa, amma in taho da takardar a hannu, shi ba ya yarda da abin da ke cikin waya.