Kafin a ja layin mazaɓu a Yamai, a karanta wa kowane gari sunansa

Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, aka kuma rushe jam'iyyu a watan Maris na 2025, babu mai yaƙin neman zaɓe a Nijar. Wasu na ganin maganar iyakokin mazaɓu ba ta taso ba ke nan. Ni kuwa a ganina yanzu ne lokacinta, tun ran gini tun ran zane. Yau babu ɗan takarar da ya san ko wane gari ne zai ba shi ƙuri'a, don haka ana iya tattauna iyaka da sanyin rai. Ranar da aka buga gangar zaɓe, kowane layi zai zama na wane ko na wane.

Majalisar dokokin da aka zaɓa a 2016 da 2020 kujeru 171 gare ta: 158 na jihohi takwas, 8 na mazaɓu na musamman, 5 na 'yan Nijar mazauna waje. A wancan tsarin jihar Maradi na da 31, ga kuma ɗaya ta Bermo, wadda aka ware domin makiyaya su samu murya. Jiha gaba ɗayanta ita ce mazaɓa. Manomin Tasawa ba mutum yake zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya yake dangwala wa, jam'iyyar ce ta san wanda ta sa a gaba da wanda ta sa a baya. Shi ya sa ake yawan jin mutanen karkara na cewa ba su san depitensu ba, wato wakilinsu a majalisa. Idan aka koma zaɓe, ba mamaki a ji masu neman a mayar da mazaɓa kan gunduma, kuma suna da hujja. Sai dai a duba abin da lissafi ke yi idan aka bi wannan hanya.

Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maradi mutum 3,402,094. A cire Bermo mai 52,274, a raba sauran kashi 31, kowace kujera ta tashi a kan mutum kusan 108,000. Gundumar Dakwaro mai 630,421 ta samu 5 da ragowa mai yawa, Mayayi 5, Gidan Rumji da Tasawa da Madarunfa huɗu-huɗu, Agye 2, birnin Maradi mai 267,249 ya samu 2, Gazawa mai 160,536 ta samu 1. Kujeru 27 ke nan, saura 4. Idan aka bai wa masu ragowa mafi yawa, Gidan Rumji da Dakwaro da Tasawa sun kwashe uku ba gardama. Ta ƙarshen ce abin kallo: ragowar Gazawa wajen 52,500, ta birnin Maradi wajen 51,100. Mutum ƙasa da 1,500 ne tsakaninsu, wato gari guda mai matsakaicin girma. A ɗauke gari ɗaya daga jerin Gazawa a maƙala shi wani wuri, kujera ta tashi ta koma Maradi, Gazawa ta zauna da wakili ɗaya a kan mutum 160,000. Wanda ya rubuta jerin garuruwa shi ya raba kujerar, tun ba a kafa runfar zaɓe ba.

Nan ne tushen matsalar. Yawancin komin ɗinmu, wato ƙananan hukumomi, tun da aka kafa su kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ba a shata musu iyaka da turaku a ƙasa ba. An bi sawun kanto, wato ƙasashen sarakuna, da ruggage, aka jera sunayen garuruwa da ƙabilun da ke ƙarƙashin kowace. Ga shi kuwa a ƙasar Katsina da Gobir mutane sun daɗe suna tashi daga garin iyayensu su sari daji su kafa tunga, amma haraji da biyayya na komawa ga sarkin da suka baro. Sai ka tarar da gari zaune tsakiyar wata komin, kasuwarsa da asibitinsa da rijiyarsa duk a nan, amma takardarsa na wata komin mai nisa. Ma'aikacin da ke Yamai da taswira a gabansa ba zai ga wannan ba. Mai gari ya sani, matan da ke kai yara rigakafi sun sani, mai amalanken da ke ɗaukar gero ranar kasuwa ya sani.

Haka gefen birni. Maradi ta faɗaɗa har ta ci gonakin maƙwabtanta, ta wajen Jiratawa da Tsibiri. Akwai magidantan da ke kwana a filin da takarda ta ce na wata komin ne, alhali ruwansu da fitilarsu da makarantar 'ya'yansu na birni ne. Wa za su tuhuma idan magudanar ruwa ta toshe?

Saboda haka jin ra'ayin jama'a ya fara daga jerin sunaye. A buga wa kowace komin takarda mai ɗauke da sunan kowane gari da tunga da rugga, da yawan mutanen da aka ƙidaya masa, da komin da gundumar da ake son sa shi. A manna ta a ofishin magajin gari da ƙofar sarkin kanto. Mannawa kaɗai ba ta isa ba, tun da mafi yawan manyanmu ba sa karanta Faransanci. A karanta ta da Hausa da Fulatanci da Tamajak a gidajen rediyon karkara, a sa sanƙira ya zaga da ita ranar kasuwa, a maimaita sati uku a jere. Kuskuren da ya fi yawa ƙarami ne a ido: garuruwa biyu masu suna ɗaya, Gidan Wane nan da Gidan Wane can, a haɗe su wuri guda ko a manta da ɗaya. Kunnen ɗan garin ne kawai ke kama irin wannan.

Daga nan a buɗe rajistar ƙorafi, kwana 60 aƙalla. Duk wanda ya kawo kuka, da baki ko a rubuce, a ba shi rasit mai lamba. Wannan 'yar takarda ita ce bambancin sauraro na gaskiya da taron shan shayi. In babu ita, sai a tara mutane a zauren prefe, shugaban gunduma, a yi jawabai, a ɗauki hoto, a watse, taswirar da aka zo da ita a jaka ita ce za ta fito. Dole kwamitin da ke shata iyakokin ya amsa kowane ƙorafi, ya ce an karɓa ko an ƙi, ya faɗi dalili, a karanta amsar a rediyon da aka karanta jerin farko. Wanda bai gamsu ba ya samu kotun da zai je cikin wa'adi sananne.

Lokacin taron ma hukunci ne. A sa shi a watan Yuli, manomi na bakin noma. A sa shi bayan girbi sosai, matasa sun tafi cin rani, makiyayan Bermo da Gadabeji sun gangara kudu da dabbobinsu. Ba watan da ya dace da kowa, don haka a yi zagaye biyu, a kuma bi makiyaya bakin rijiyoyi da kasuwannin dabbobi ta hannun arɗo-arɗo. Mata kuma a yi musu nasu zaman, domin a gaban sarki da dattawa kaɗan ne za su buɗe baki.

Akwai masu tsoron cewa taɓa iyaka tsokanar rigimar sarauta ce da ta gona. Tsoron na da tushe. Maganinsa a faɗa tun farko, a kuma rubuta cikin doka, cewa layin mazaɓa ba ya canza mai gona, ba ya tsige mai gari daga sarkinsa, ba ya toshe burtali. Rigimar fili tana da gidanta, kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Sarakuna kuwa a saurare su a matsayin shaidu masu sanin tarihin kowane gari, amma kada su zama alƙalai, domin kowane sarki na da buƙata a cikin lissafin.

Saura alƙaluman kansu. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wato tana ninkawa cikin shekara 18 ko kusa da haka. Rabon da za a yi da waɗancan lambobi zai zalunci unguwannin da babu su a lokacin. A jira sabuwar ƙidaya, a fitar da sakamakonta gari-gari, sannan a raba kujeru, da ƙa'idar da aka bayyana kafin a ga lambobin. Yarjejeniyar 2001 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta hana yi wa dokar zaɓe babban gyara cikin wata shida kafin zaɓe sai da yardar mafi yawan 'yan siyasa. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma babu abin da zai hana mu rubuta wa kanmu wa'adin da ya fi wannan, a ce an rufe maganar iyakoki shekara guda cur kafin ranar jefa ƙuri'a.