Wasteland 2: yadda kuɗi suka taru

Kai, wannan labari ya faranta min rai! A 2012 Brian Fargo, mai haɗa wasannin kwamfuta, ya nemi dala 900,000 a Kickstarter, shafin intanet da ake tara gudummawar kuɗi, don ya yi wasan Wasteland 2, jama'a suka yi karo-karo har kusan dala miliyan 3. Manyan kamfanoni sun daɗe suna ganin irin wannan wasan kwamfuta ya tsufa, to ga amsa nan.

Na farkon ya fito tun 1988, shi ne ma kakan shahararren wasan nan Fallout. Abin da nake kewa shi ne ka zauna ka yi lissafi kafin ka motsa mayaƙanka, kuma zaɓinka a cikin hira ya juya labarin baki ɗaya. Allah dai ya sa tsohuwar kwamfutata ta iya ɗaukarsa, don fankarta har ƙara take kamar injin markaɗe.