Sinadaran da ke ƙyalli idan sun kama ƙarfe, da dalilin da ya sa na daina saurin yaba musu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin gwaje-gwaje aka kashe fitilu, aka haska 'yar kwalba da hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, ya ga ruwan cikinta garau kamar babu kome, sannan aka ɗiga masa ɗigo ɗaya tak ya koma kore shar yana ƙyalli, zai fahimci abin da ya sa masana sinadarai suka ƙwallafa rai a kan wannan fanni. Ni ma farkon ganina na ɗauka an gama da matsalar gano dalma da zaiba a ruwan sha. Yanzu kuwa idan na ga an sanar da sabon sinadari irin wannan, sai na ji a cikin wane irin ruwa aka gwada shi kafin in ce kome.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1867 Friedrich Goppelsröder, mutumin Suwizalan, ya lura cewa wani rinin itace mai suna morin yana ƙyalli kore idan ya haɗu da alminiyam. Sinadaran zamani yawanci sassa biyu gare su: ɗaya yana shan haske ya mayar da shi da wani launi, ɗayan kuma tamkar hannu ne da aka ƙera daidai da girman ƙwayar ƙarfen da ta narke a ruwa da kuma cajinta. A irin waɗanda A. P. de Silva na jami'ar Queen's da ke Belfast ya shahara da su, muddin hannun yana wofi yakan tura ilaktoron, wato 'yar ƙwayar lantarki, zuwa sashen ƙyallin ya danne haskensa, da zarar ƙarfe ya shiga hannun kuwa sai ya riƙe ilaktoron ɗin, haske ya ɓalle.

Ban musa nasarar fannin ba, domin aikin Roger Tsien, masanin sinadarai Ba'amurke, kaɗai ya isa hujja. A cikin ƙwayar halitta kalsiyam ɗin da ke yawo kaɗan ne ƙwarai, na wajenta ya ninka shi fiye da sau dubu goma, ga kuma magnesiyam da ya fi shi yawa a ciki sau dubbai, kuma cajinsu ɗaya. Tsien ya fara ne da wannan matsalar, ya ƙera hannun da zai kama kalsiyam ya ƙyale magnesiyam, sannan a 1985 shi da abokan aikinsa suka fitar da rini mai ƙyalli da ake kira fura-2. Ana haska shi da haske iri biyu, mai tsawon zango nanomita 340 da mai 380, a kwatanta ƙyallin da kowanne ya haifar, saboda haka yawan rinin ko ƙarancinsa ba ya ruɗin mai awo. Da irin waɗannan rinin aka riƙa kallon kalsiyam yana hawa yana sauka a cikin rayayyiyar ƙwayar zuciya da ta jijiya.

Ƙorafina yana kan ɗimbin sababbin da ke cika mujallun kimiyya. Da yawansu ba sa narkewa sosai a ruwa, don haka ake gwada su a cikin ruwan sinadarai irin su asetonaitiral, ko a gauraya shi da ruwa tsantsa wanda babu gishiri ko laka a cikinsa. Ruwan rijiya da na kogi da jinin mutum ba haka suke ba. Na taɓa ganin wanda ya yi kyau ƙwarai a kwalbar gwaji, amma da aka zuba masa ruwan famfo sai ya yi gajimare, ƙyallin ya dushe, aka rasa ko ƙarfen da ake nema ne ya jawo ko wani abu dabam.

Wannan rashin tabbas ya fi tsanani ga waɗanda alamarsu ita ce mutuwar haske. Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suna kashe ƙyalli bisa ɗabi'arsu, kuma sauyin tsamin ruwa, ko gurɓacewarsa, ko daɗewar rinin a ƙarƙashin fitila duk suna iya rage shi. Hasken da ya tashi daga duhu ya fi zama shaida a kan hasken da ya ragu. Ko a nan ma akwai tarko, domin tutiya da kadmiyam 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai, hannun da ya kama ɗaya sau da yawa yakan kama ɗayan. Kama da wane ba wane ba ne: jiki yana bukatar tutiya, kadmiyam kuwa yana lalata ƙoda.

Sai kuma batun adadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a lita, wato giram ɗaya a cikin lita dubu ɗari, ta kadmiyam kuma maikirogiram 3. Sinadarin da ba ya motsi sai dalma ta ninka wannan iyaka sau ɗari zai ce ruwa lafiya lau alhali yana cutar da ƙwaƙwalwar yara, kuma a ganina gara rashin gwaji da gwajin da ke kwantar da hankali a kan ƙarya. Shi ya sa har yau hukumomin ruwa suke ɗibar samfuri su kai wa manyan na'urori masu tsada, waɗanda ke tarwatsa shi da harshen wuta ko da iskar gas mai tsananin zafi su auna kowane ƙarfe dabam, ko da kuwa sakamakon zai ɗauki kwanaki kafin ya dawo.