Kafin a ɗora tsohuwar zinariyar Farisa a sikeli, a karanta ta

Duk tsabar zinariyar Farisa, wato Iran ta yau, da ta faɗa hannun maƙeri, awo ake fara yi mata, daga nan sai tukunyar narkarwa. A ganina wannan asara ce, domin sau da yawa rubutun da ke jikinta ya fi giram ɗinta daraja.

Tsabar zinariyar da ake kira Darik, wadda Sarki Dariyus na Ɗaya (522 zuwa 486 kafin Miladiyya) ya fara bugawa, ba ta ɗauke da harafi ko ɗaya. Hoton sarki ne riƙe da baka, bayanta kuma gurbin guduma, nauyinta kusan giram 8.4. Wanda ya kawo maka irinta da suna a rubuce, ka yi hattara. A dinarin Ardashir na Ɗaya kuwa, wanda ya kafa daular Sasaniyawa a 224, an rubuta da Fahlawi, tsohon rubutun Farisa, cewa shi mai bautar Mazda ne, abin bautar Majusawa, sarkin sarakunan Iran.

Bayan zuwan Musulunci rubutun ya zama komai. Sarakunan daular Safawiyawa ta Iran, tun daga Sha Isma'il a 1501, sun ƙara "Aliyun waliyullah" a kan kalmar shahada. Nadir Sha ya buga "al-khairu fi ma waƙa'a", kuma duk almajirin da ya san ramzi zai iya warware ta: kalmar farko 841, ta tsakiya 131, ta ƙarshe 176, jimla 1148, shekarar Hijira da ya hau mulki, wato 1736. Garin da aka buga kuɗin ma da laƙabinsa yake zuwa: Darul Ilmi Shiraz ce, Darul Khilafa kuma Tehran.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne shekara. Don a samu ta Miladiyya, shekarar Hijira ta ƙirgar wata a ninka da 0.97 a ƙara 622. Daga 1925 Iran ta koma ƙirgar rana, can 621 kawai ake ƙarawa. In ka ga 2535, ba jabu ba ce, kalandar sarauta ce da Muhammad Riza Sha ya kawo a 1976 aka soke a 1978. Cikakkiyar tsabar zinariyar zamaninsa, wadda ita ma ake kira Fahlawi, giram 8.13 take, kashi 90 cikin ɗari zinariya.

Kada a goge ta da toka ko man ƙyalli, kada kuma a lika mata kunne don sarƙa. Goga tana cinye haruffa, har da na shekara da sunan gari.