Canjin Bawul ɗin Zuciya Ba Dole Sai an Tsaga Ƙirji Ba

A Sakkwato ana yawan cewa idan bawul ɗin da ke fitar da jini daga zuciya ya tsuke, sai an tsaga ƙirji, don haka gara a bar tsoho da ciwonsa. Da can haka lamarin yake, amma tun 2002, lokacin da Dokta Alain Cribier ya fara canjin bawul ba tare da tsaga ƙirji ba a Faransa, likitoci suna zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuciya, su buɗe sabon bawul a cikin tsohon bawul ɗin. Dattijon da haki ya hana shi takawa masallaci, wanda babbar tiyata za ta yi wa nauyi, yana iya dacewa da wannan hanya, bayan an ɗauki hoton jijiyoyinsa an tabbatar bututun zai wuce.